Ranar Da Na Aza Inna Bisa Tabarma

Sa'ad da wanga abu ya faru ni yarinyar mace ce mai ɗa guda a hannu, cikin garin Wurno. Nasara ba su zo ba tukuna, ko labarinsu sai a bakin fatake. Ubana malami ne mai gonaki a fadama da bayi masu noma mashi, mijina kuwa falke ne, shina sayen saƙi hannun masaƙan garinmu, shi kai marina a rine, shi ɗora ma jakai shi tafi da shi nesa. Ban yi karatu ba, na allo ma iyakata abin da zan yi salla. Jikanyata ke karanta mani mujallarku, ita ce kuma ke rubuta wannan, na ce mata ta aje shi yadda ya fito bakina, kada ta gyara mani magana. A lokacin nan in na ce ni kyakkyawa ce ban yi ƙarya ba, in na ce ina da girman kai ma ban yi ƙarya ba. Ban san daka ba, ban san rijiya ba, hannuna bai san wanke-wanke ba. Ina cikin kulle, aikina kaɗi in na ga dama, da kitso, da lalle, da jiran wanda zai shigo shi ba ni labari.

Wadda ke yi mani dukan abin da ban iya ba, ita ce Inna. Ba ita ta haife ni ba. Baiwar gidanmu ce, an taho da ita daga ƙasashen kudu tun tana ƙarama, har ta mance sunan garinsu, sai dai wata 'yar waƙa da ta rage mata da yarensu, wadda take yi in tana niƙa. Uwata ta rasu ina zanen goyo, bayan Inna na tashi, hannunta na ci tuwo, ita ta cire mani ƙaya, ita ta fara yi mani kitso. Da za a kai ni ɗakin miji ubana ya ba ni ita, ta zama tawa ni kaɗai, ko mijina ba shi da iko bisanta. Amma ya kira ni ya ce mani, ranar da anka raɗa ma ɗana na fari suna, in kira shaidu in 'yanta ta, don ta biya abin da ya fi kanta. Na ce to, Baffa. Bai kai ga ganin haihuwata ba. Ranar suna ta zo, gida ya cika, na ce a raina bari a watse. Da anka watse na ce bari in gama wanka. Da na gama wanka na ce bari a yaye yaro. Inna ta san maganar, don tana bakin ƙofa sa'ad da ubana ya yi ta, amma ko sau ɗaya ba ta tuna mani ba.

Ku na yanzu ba ku san dillaliya ba yadda munka san ta. Mace mai kulle ba ta zuwa kasuwa, kasuwa ke zuwa gare ta bisa kan dillaliya. Akwai wata mutuniyar Rabah da ke shigo mana, doguwa, mai baki ja da goro, mai dariya ba sauti. An ce ta taɓa auren wani Balarabe daga cikin masu ƙetaro hamada, ya mutu bai bar mata kome ba sai abin da ke cikin aljihunshi. Wata rana ta sauke kayanta a ɗakina, kwalli da turare da duwatsun wuya, muna tare da maƙwabciyata matar mai rini da wata goggon mijina mai son hira. Da munka gama taya kaya ba mu sayi kome ba, sai ta ce tun da mun ɓata mata rana bari ita ma ta ɓata mana tamu. Ta zaro wani tsumma daga ƙarƙashin faifai ta kwance. Wasu 'yan takardu ne masu kauri, sun yi baƙi don hannu, kowace da zane a cikinta. Ta ce sunansu karta. Goggo ta ga surar mutane a jiki ta yi a'uzubillahi ta ja baya, amma ba ta fita ba, ta dai gyara zama.

Zan faɗa maku yadda ake yin ta, ba don ku koya ba, don ku gane inda na faɗi. Muna ce ma kowace takarda ganye. Ganye arba'in ne, dangi huɗu: masu zanen tsabar zinariya, da masu ƙoƙo, da masu takobi, da masu kulki. Kowane dangi shina da ganye daga mai zane ɗaya har mai zane bakwai, ba ya son karatu, ƙirga kawai za ki yi. Sannan kowane dangi shina da mutum uku, sarki da mai doki da bara, su kuwa kowanensu rabi ne. Matar mai rini ta yi ta dariya, wai yau ga garin da sarki da baranshi kuɗinsu ɗaya. Abin da ake nema shi ne lissafin hannunki shi kai bakwai da rabi, ko shi matso kusa, kada shi wuce. Mai rabo za ta cuɗa ganyen, ta ba kowa ɗaya a kife. Ki ɗaga gefe ki leƙa naki ke kaɗai, sannan ki aza abin da za ki aza bisa tabarma. In kin ga lissafinki ya yi ƙasa ki ce a ƙaro, sai ta jefo maki wani a buɗe kowa na gani, kuma duk sa'ad da anka ƙaro maki kina iya ƙara abin da kika aza. In ya ishe ki ki ce kin tsaya. In kin wuce bakwai da rabi kin ƙone, nan take za ta janye kayanki, ba sai an jira kowa ba. Bayan kowa ta tsaya ko ta ƙone, mai rabo ta buɗe nata ta ƙara ma kanta yadda ta so. Wadda ta fi ta, ta ɗauki kayanta da kwatankwacinsu daga na mai rabo. Wadda ta kasa ta, ta rasa. In kunka yi kunnen doki, mai rabo ta ci.

Ita ce mai rabo kullum, don karta tata ce. Kuma tana da ƙa'ida biyu nata na kanta. Ta fari, ba ta wasa da abin da ba ta gani, ba a ce mata gobe, ba a ce mata in maigida ya dawo. Abin da za ki aza shi hau tabarma kowa shi gan shi. Ta biyu, in abu ya hau tabarma kika ce na aza, ko uwarki ta tashi daga kabari ba ta sauke shi. Mun yarda da wannan muna dariya, don da goro munka fara. Ranar farko na ci goron da ya cika mani ɗan ƙoƙo, na raba ma yaran gida. Ban san mi ya shiga jikina ba ranar nan. Ni da ba a taɓa bari na in yanke shawarar kome ba, ko ta miyar da za a yi, ga ni zaune ana jira in ce a ƙaro ko na tsaya, kuma abin da na ce shi za a yi. Na iske ina da ido, ina da ƙwaƙwalwa, ina riƙe ganyen da sunka fita. Dillaliya ta ce ba ta taɓa ganin mai saurin ganewa kamata ba, wai da namiji ne ni da na ci kasuwar Kano. Na san yanzu haka take ce ma kowa. A lokacin na ɗauka ni kaɗai ta gani.

Daga goro munka koma zare. Kowa ta kawo abin da ta kaɗa, a aza dunƙule bisa dunƙule. Daga zare sai kallabi, daga kallabi sai zane. Tsakanin azahar da la'asar muke yi, sa'ad da maza ke kasuwa ko marina, a saki asabari, don a Wurno ta wancan zamani in anka kama ki da caca, gaban alƙali za ki, kuma bulala ba ta san ɗiyar wane ba. Inna ke zama tsakar gida da yaro a bayanta, in ta ji sallamar namiji a zaure sai ta buga taɓarya cikin turmi, mu rufe karta da faifai. Ba ta taɓa shigowa ta duba mi muke yi ba. Sau ɗaya dai, tana shafa mani man shanu a kai, ta ce mani wagga mata ta Rabah tana shigowa da kaya kaɗan tana fita da kaya da yawa. Na ce mata ta kula da kitsonta. Ta ce to. Goggo ita ta fara janyewa, da ta rasa zanen sallarta ta ce ita wasan ya ishe ta, sai dai ta zo kallo. Matar mai rini ba ta taɓa wuce zare ba, mai wayo ce. Ni kuwa kafin damina ta kai tsakiya, tasoshin jerena sun yi giɓi, na cike gurbin da ƙore na rufe da faifai. Zannuwana na aure sun tafi. Murjanin uwata, wanda shi kaɗai na gada daga gare ta, shi ma ya tafi.

Ranar da abin ya faru mijina shina hanyar Jega da jakunanshi. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk laka, ɗakin na warin danshi. Dillaliya ta zo da wani ƙunshi babba ta aje kusa da ita, ta kwance bakinshi kaɗan yadda zan ga abin da ke ciki. Kayana ne duka, ba ta sayar ba, wai tana tausayina tana jira in fanshe su. Abin da ya rage mani munduwa guda ce a hannu. Ta raba ganye. Na leƙa nawa, bakwai ne na takobi. Mai hankali in ta sami bakwai tsayawa take, don ba abin da zai taimake ta sai mutum, sauran duk ƙonewa ne. Na cire munduwa na aza. Ta tambaye ni na tsaya? Ban san dalili ba, na ce a ƙaro. Ina jin so nake a ƙare kawai in huta. Ta jefo ganye a buɗe, sai ga sarki. Bakwai da rabi. Tun da munka fara wasan ban taɓa riƙe shi ba sai ran nan. Ba abin da ya fi shi cikin karta duka. Ga shi a hannuna, ga kayana cikin ƙunshi ina kallo, ni kuwa abin da na aza munduwa ce guda.

Na ce mata zan ƙara. Ta ce bismilla, mi zan ƙara? Na duba ɗakin. Gado na miji ne, tabarma ba ta da daraja, ƙoren jere ko bara ba ya so. Na ce ta yarda mani har maigida shi dawo. Ta yi dariyarta marar sauti ta ce ɗiyar malam ta mance ƙa'ida, ita ba ta wasa da iska. Ta ce in na kawo abin da ya kai ƙunshin nan, za ta aza shi gaba ɗaya, har murjanin. Daidai nan Inna ta ɗaga asabari ta shigo, yaro ya tashi daga barci shina neman nono. Ban yi tunani mai tsawo ba, kada in yi maku ƙarya in ce shaiɗan ya daɗe shina ja na. Na dube ta na ce, Inna, zo ki zauna nan. Ta ce a'a uwar ɗakina, ga ƙasa nan ta ishe ta, don baiwa ba ta hawa tabarma ɗaya da baƙin uwargijiyarta, haka al'ada take. Na ce na ce ki zauna. Ta dube ni, ta dubi baƙi, sai na ga fuskarta ta saki. Ta ɗauka girmama ta nake yi gaban mutane. Ta goge ƙafafunta da gefen zane don laka, ta hau, ta zauna a ɗofane can bakin tabarma tana murmushi. Na ce na aza.

Goggo ta kira sunana sau ɗaya a hankali. Matar mai rini ta sunkuyar da kai. Dillaliya ta dubi Inna tun daga kai har ƙafa yadda ake duban saniya, ta ce ta tsufa amma da sauran ƙarfi, ta karɓa, sai dai a sani ban da na bayanta, don shi ɗa ne. Da wagga magana Inna ta gane. Ba ta tashi ba, murmushin dai ya tafi, ta kai hannu baya ta dafa yaron. Dillaliya ta turo ƙunshin bisa tabarma ta buɗe ganyenta. Huɗu ne. Ta ƙara ma kanta, uku ya fito. Bakwai ke nan. Na ce a raina na ci, don duk mai rabo a bakwai take tsayawa. Ta daɗe tana kallona tana tauna goro, sannan ta ce yarinyar da ta aza uwar goyonta ba bakwai take riƙe da shi ba, don haka ita mai rabo in ta tsaya ta faɗi, in ta ƙone ma ta faɗi, duk ɗaya ne. Ta jawo wani. Mai doki ne. Na buɗe nawa na ce bakwai da rabi. Ta ce nata ma haka, kunnen doki, ta kuwa tabbata ban mance na wa ne ba.

Daga baya mutane sun ce mani ta san bayan kowane ganye, ha'inci ta yi. Wataƙila. Karta ta tsufa, kowane ganye da tabonshi, ni ma na san bayan wasu, da su nake taƙama. Ba nan laifina yake ba, kuma ba don in ce an cuce ni na sa a rubuta wannan ba. Laifina shi ne abin da ya biyo. Matar mai rini ta matso ta raɗa mani cewa ba alƙalin da zai ba mutum baiwa don ya ci ta a caca, in ce ban yarda ba kawai, dillaliya ba ta da inda za ta kai ƙara, in ta kai ita za a fara kamawa. Gaskiya ta faɗa. Kalma guda ce tsakanina da Inna. Amma dillaliya ta ji, ta ce ba kome, in ɗiyar malam ta tashi maganarta ita ba ta da ƙarfin ƙwace, sai dai bakinta nata ne, kuma gidajen da take shiga tsakanin Wurno da Rabah suna da yawa. Na hango matan gari suna faɗin ɗiyar wane ta yi caca ta sayar da jerenta, ta kuma ci amanar wasa. Na auna wannan da Inna, ina zaune, ita ma tana zaune nesa da ni kamar kamu biyu. Na ce ni ba a san gidanmu da tashin magana ba.

Don abin shi zama na shari'a sai da shaidu. Anka kira ƙanen mijina da mai rini sunka tsaya bayan asabari, na ce da bakina na sayar da baiwata ga wagga mata, na karɓi kuɗina lakadan. Ƙanen mijina ya tambaye ni wace baiwa, don bai yarda da kunnenshi ba. Na maimaita. Ya ce dukiyata ce, shi ba shi da ta cewa. Inna ta kwance majanyi ta sauko da yaron ta aje mani bisa cinya. Ta shiga ɗakinta ta fito da ƙwaryarta da tsohon bargonta. A bakin ƙofa ta juyo, na ɗauka za ta zage ni ko ta tuna mani maganar ubana. Ta ce akwai kunun yaro bisa wuta, a sauke kada shi kama, kuma ba ya sha da zafi. Sunka fita, dillaliya gaba da ƙunshi bisa kai, Inna baya. Ina so in ce maku na yi kuka, ban yi ba. Kun san ƙafa in an daɗe zaune bisanta, a taɓa ta ba ta ji? Haka na zama gaba ɗaya. Na ba yaro nono, na yi la'asar, kunu ya kama.

Yaron ya yi kwanaki shina kuka shina leƙen ƙofa. Na ce bari in goya shi, sai na iske ban iya ɗaura majanyi ba, ni da na haife shi. Goggo ta nuna mani. Da mijina ya dawo ya tambayi Inna, na ce na sayar. Ya ce ina kuɗin. Ya buɗe faifan jere ɗaya bayan ɗaya ya ga ƙore, ya mayar ya rufe kowane yadda yake. Bai buge ni ba, bai sake ni ba. Ashe labarin karta ya riga ya kai gare shi. Ya ce mani dai, da ya san haka nake da bai bar ɗanshi ya kwana ɗakina ba, kada wata rana shi dawo a ce mashi shi ma ya hau tabarma. Ya aika mutum Rabah da abin fansa, anka ce an riga an wuce da ita wajen Goronyo, ba a san hannun da ta faɗa ba. Ga abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba sai yau. Da mijina ya sake tafiya dillaliya ta dawo, na kuwa sake mata asabari, munka yi wasa da goro. Na ce ma kaina ina neman hanyar da zan ji inda Inna take. Ban tambaye ta ba har ta tafi. Ban bar karta don tuba ba, na bar ta don matar ta daina zuwa, an ce dogarai sun kore ta daga garin.

Sai da yaron ya yi wayo shina zuwa makarantar allo, sannan anka yi bikin wata 'yar'uwar mijina a Goronyo, anka ɗora mu bisa jakai munka tafi. Da safe mata sunka ce a je bakin gulbi a sayo kifi, na bi su don in ga gari. Can ƙarƙashin wata rumfar kara na ga wata tsohuwa tana juya kifi bisa wuta, ta ba ni baya. Da wuyanta na gane ta. Wata mai tallar nono ta ba ni labari kafin in ƙarasa, ta ce wani masunci ya saye ta, bai daɗe ba ya karya azumi da gangan, malam ya ce mashi kaffararshi shi 'yanta baiwa, shi kuwa ita kaɗai gare shi. Abin da ubana ya roƙe ni na kasa, wani baƙo ya yi shi don ya sha ruwa da rana. Na matsa na yi sallama. Ta ɗago ta dube ni, ta amsa, ta ce ranki shi daɗe, an zo lafiya? Tana da wani suna da take kirana da shi tun ina bayanta, ba wanda ya san shi sai mu biyu. Na tsaya ina jira ta faɗe shi. Ta ci gaba da juya kifinta.

Ta tambayi yaron, na ce ya girma har ya fara allo. Ta ce madalla. Na ce mata ɗakinta shina nan ba wanda ya shiga, ta taho mu koma gida. Ta ce ai ga ta gida, ta nuna wata bukka bayan rumfa. Na buɗe baki in ce ta yafe mani, wallahi da niyyar haka na buɗe shi, abin da ya fito shi ne nawa take sayar da kifin. Ta faɗa mani. Ta zaɓo, ta naɗe cikin ganyen kalgo, ta yi mani gyara da ɗan ƙarami yadda ake yi ma kowane mai saye, ta karɓi kuɗin wuri a hannuna ta zuba cikin ƙoƙo. Har na juya sai ta ce akwai abin da take so ta sani, tun ran nan yake ranta, don ita ba ta san wasan ba. Abin da ke hannuna sa'ad da na zaunar da ita, mai kyau ne? Na ce mata ba wanda ya fi shi cikin karta duka. Ta jinjina kai ta ce to, alhamdu lillahi, ashe ba a banza na aza ta ba. Ba da gatse ta faɗa ba, na san muryarta ta gatse. Ta ji daɗi ne da gaske. Wani ya zo sayen kifi ta juya gare shi. Ban sake ganinta ba.

Yau na tsufa har na binne wancan yaro da kaina, ya mutu da furfura. Bauta ta ƙare, na sani, masu karanta wannan za su ce ai yanzu ba mai iya aza mutum bisa tabarma. Jikokina na gaya mani samari na zama ƙarƙashin itace bakin kasuwa da karta, har da magidanta, wai har mata a cikin gidaje. Ku tambayi matan waɗannan magidanta ko ba a aza su ba, su da hatsin gidan da akuyar ɗiyansu. Ni abin da na gane, mugun ganye bai taɓa cutata ba, in ya zo ƙonewa nake in tashi. Mai kyau shi ya kashe ni. Duk mai wanga wasa akwai ranar da zai leƙa hannunshi shi ga abin da ba a iya kayarwa, ranar kuwa ba shi da sauran abin azawa, sai shi ɗaga kai shi dubi ƙofa. Wanda zai gani tsaye nan ba baƙo ba ne, don baƙo ba ya zuwa in ka kira shi. Wanda ya yarda da kai ne, wanda in ka ce zo ka zauna zai goge ƙafa shi zauna. Kuma in kunka yi ma wani alkawari, ko kunka ga kun cuce shi, ku faɗi abin da ya kamata tun shina gabanku. Ni na tsaya gaban Inna da bakina a buɗe, na sayi kifi na dawo.